Tanki da Ma'aunin Tirela

Akwai wani direban babbar mota da abokan aikinsa suke kira Tanki. Ba tankar mai yake ja ba, buhunan siminti yake ɗauka. Tumbinsa ne ya jawo masa sunan, shi kuma bai taɓa jin haushi ba. Da an ce "Tanki!" sai ya shafa cikin ya ce, "A cike yake, alhamdulillahi."

Shekara goma sha tara yana kan sitiyari, kuma yana son motar nan kamar 'yarsa ta fari. Shi yake wanke ta da hannunsa, ba ya yarda kowa ya taɓa masa madubi.

Kamfaninsu yana da likita da take duba direbobi duk shekara. A bana da ta gama aunawa sai ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam, kilo ɗari da ashirin da shida. Jininka kuma ya hau, ya wuce inda zan bar ka da mota mai nauyin kaya. Na ba ka wata uku. Ka sauke kilo goma, jinin ya sauka. In ba haka ba, zan rubuta a sauke ka daga mota."

Ranar Tanki ya koma gida ba wasa ba dariya. Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki yana falo kusa da taga. Tana ganin fuskarsa ta ɗage ƙafa daga keken.

"Baban yara, lafiya? Wa ya rasu?"

Ya kwashe labari ya faɗa mata, ya ƙara da cewa, "Daga gobe na daina cin abinci. Ruwa kawai."

"Sannu gwani," in ji ta. "Ka suma a kan sitiyari mu shiga uku? Likita cewa ta yi ka daina ci, ko ka gyara ci?"

Ta ɗauko faranti ta shata masa da yatsa. Rabi ganye, sauran rabin a raba biyu, gefe shinkafa, gefe kifi ko wake. Shayin da yake zuba wa sukari cokali biyar ya koma cokali ɗaya. Lemon kwalba ya bar wa ruwa wuri. Da yamma kuma su fita tare su zagaya filin ƙwallon unguwa. Ranar farko zagaye ɗaya ya yi, ya zauna a kan dutse yana haki yana cewa a kira masa mota.

To, ga inda gizo yake saƙar. Tanki yana jin kunyar hawa ma'auni a kemis mutane suna kallo. A bakin ƙofar kamfaninsu kuwa akwai ƙaton ma'aunin ƙarfe da tirela take hawa a auna kayanta, da allo a sama mai nuna lamba. Sai ya ce ai ga ma'auni har gida. Duk Litinin da sassafe, kafin Mai Awo, dattijon da yake kula da ma'aunin, ya iso, sai ya lallaɓa ya tsaya a tsakiyar ƙarfen shi kaɗai ya ɗaga kai.

Litinin ta farko allo ya nuna 120. Zo ku ga murna! Ya kira matarsa yana ihu, "Kilo shida a mako ɗaya! Likitar nan ba ta san da wa take magana ba."

Litinin ta biyu, 120. Ta uku, 120. Ya ƙara zagaye, ya daina ɗan sukarin da ya rage. Ta shida, 120. Yanzu yana zagaya filin sau biyar har yana hira, amma allo ko gezau.

A mako na takwas gwiwarsa ta yi sanyi. Ya tashi daga aiki ya biya shagon da ya daɗe yana kau da kai daga gare shi, ya sayo soyayyiyar kaza guda da soyayyen dankali da lemo kwalba biyu. Ya dire su a kan tebur gaban matarsa.

"Na gaji, Maman yara. Mako bakwai ina cin ganye kamar zomo, ko giram ɗaya bai ragu ba. Su karɓe motar. Gara in rasa ta da cikina a cike."

Maganar da wasa ya faɗe ta, amma idonsa ya kawo ruwa. Gaskiya ya ba ta tausayi.

Matar ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da wandunansa na aiki guda uku, ta juya su ta ciki ta shimfiɗa masa a cinya.

"Dubi ƙugun nan. Layin ɗinki nawa ka gani?"

"Uku."

"Sau uku ina rage maka su. Na ga suna zamewa, sai in kama in ɗinke idan na wanke. Aikina ne, ban ma ɗauke shi abin faɗa ba. Wai tsaya, a ina kake yin awon nan?"

Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Da ta samu numfashi sai ta yanka masa cinya ɗaya ta haɗa da ganye, sauran aka raba wa 'yan gida. "Ci abinka," ta ce. "Kwana ɗaya ba ya rushe aikin wata biyu."

Washegari Tanki ya cire kunya ya tsaya har Mai Awo ya iso, ya yi masa bayani. Dattijon ya zauna a kan benci don kada dariya ta kayar da shi.

"Haba Tanki! Wannan ma'aunin na tirela ne, ashirin-ashirin yake ƙirgawa. Ko ɗan akuya ka rungumo ka hau da shi ba zai sani ba. Ni da nake ganin sawun takalmi duk Litinin, ashe kai ne tirelar!"

Daga nan kemis ya nufa. Mutane cike, ya cire takalmi ya hau ma'auni a gabansu. Kilo ɗari da goma sha bakwai. Tara sun tafi tun tuni, shi yana can yana zargin kansa.

Sauran mako huɗun kuwa, shi yake tayar da matarsa daga kan keke a fita tattaki.

Ranar komawa wurin likita ta zo. Ta auna nauyi, ɗari da goma sha uku. Ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta yi murmushi ta jawo takarda ta sa hannu.

"Ka ci gaba da abin da kake yi, Malam. Je ka hau motarka."

Bai jira ya fita daga harabar ba ya kira gida.

"Maman yara, sun bar min ita! Motata ce!"

"Alhamdulillahi," in ji ta, ita ma tana share hawaye. "To ka dawo da wuri. Murna ba ta soke zagayen yamma."

Darasi: Idan kana cin abinci daidai gwargwado, kana motsa jiki, kada lamba ɗaya ta sa ka jefar da ƙoƙarinka. Wani lokaci canjin yana nan yana tafiya, wurin da kake dubawa ne ba daidai ba. Ka tambayi masu sani, ka bar kunya, ka riƙe wanda yake ƙarfafa maka gwiwa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana wannan fama, wataƙila yau ne yake shirin sarewa.