Ƙyallu da Zaren Gwaggo Duniya

Dalilin da ya sa tartsatsin da Rana ke fesowa ba ya faɗo mana a ka, sai dai ya yi ta kewaya wani zare da ido ba ya gani, to ku bar mutsu-mutsun nan ku ji.

A da can, 'ya'yan Rana, wato tartsatsin nan, a miƙe suke gudu, ba kwana ba waiwaye. Autarsu Ƙyallu kullum tana leƙen wata fadama daga sama, ciyawa kore shar. Ita dai burinta ta kwanta a ciki ko sau ɗaya ta ji yadda sanyi yake, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sa ba.

Ran nan ta sulale ta sauko. Ƙafarta na taɓa ciyawar, sai ƙurmus! Baiwar Allah ta tsaya cikin toka tana kuka.

Gwaggo Duniya na gefe tana waɗari, tana jan zaren saƙa daga turken arewa zuwa na kudu.

Ta ce, "Ke 'yar nan, haka ake baƙunta a gidanku?"

"Wallahi Gwaggo, sanyi kawai na zo ji."

"Oh ni! Wuta na neman sanyi." Sai kuma tausayi ya kama tsohuwar. "Rabin fadamar ya rage, a nan jikokina ke kiwo. Ko ki kwanta ki ƙarasa shi, ko ki kama zaren nan ki riƙa zagaya shi daga sama, ki kalla iya son ranki."

Ƙyallu ta dubi ragowar. Iska na kaɗa ciyawa a hankali, wata maraƙa ta tusa hanci ciki. Kamar ta faɗa, kamar ta faɗa. Sai ta runtse ido ta kama zaren.

Ta shiga juyawa kamar mazari, ta je turken arewa, ta dawo na kudu. Yayyenta suka biyo ta, maza na kewayawa ta dama, mata ta hagu.

Shi ya sa har yau suke can suna zagaye. Wajen turakan nan zaren yakan sunkuyo kusa da ƙasa, har Ƙyallu ta jiyo ƙamshin damshi, kewa ta taso mata. Mutanen da ke zaune kusa da turakan sukan ga sama ta yi kore shar. Ƙyallu ce ta shimfiɗa wa kanta fadama a sama ta kwanta. Sanyin dai har yanzu ba ta ji ba.