Masu Yankan Accar Habila

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Habila, a wani ƙauye da ke gindin dutse, tun zamanin da ake rufa majami'u da ciyawa. Ba dattijon ikkilisiya ba ne, ba kuma mai wa'azi ba. Manomi ne, kuma gonar acca guda ɗaya ita ce abincin gidansa na shekara.

Ku saurara, iyayena da 'yan'uwana. Duk wanda ya taɓa noman acca ya san halinta: idan ta nuna, ba ta jiran kowa. Ka yi jinkiri, ta zube ƙasa, tsuntsaye da tururuwa su raba. To, daidai lokacin da accar Habila ta nuna, sai ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya. Maɗori ya ɗaure ƙafar, ya ce kada ya kuskura ya taka.

Habila ya yi addu'a, ya ce, "Ya Ubangiji, ka aiko mini da hannuwa." A zuciyarsa kuwa ya riga ya ga masu hannuwan: 'yan'uwa masu bi, riƙe da lauje, suna tafe suna waƙar yabo. Dattijo Zakka, babba a ikkilisiyar, ya yi alkawarin gayya, amma sai an dawo daga babban taron shekara a wani gari mai nisa. Jama'a suka tafi. Acca ta fara zuba.

Wata safiya matarsa Rifkatu ta shigo da sauri. "Maigida, ga mutane a ƙofa. Jatau ne da abokan shansa."

Jatau kuwa a gidan burkutu yake wuni. Ikkilisiya ta taɓa sa shi a horo, ya zauna a bencin baya har ya gaji, ya daina zuwa sujada.

Ya leƙo ɗakin ya ce, "Habila, sannu da jiki. Mun wuce ta gonarka, abin ba kyan gani. Mu yanke maka, ko hannunmu zai ɓata ta?" Abokansa suka fashe da dariya.

Rifkatu ta sunkuya ta yi ƙasa da murya. "Idan dattawa suka dawo suka ji mashaya ne suka yi mana gayya, da wane ido za mu dube su? Mu jira namu."

Ku lura, 'yan'uwa, Habila ma ransa bai so ba. Ba wannan fuskar yake jira ba. Can sai ya ce, "Rifkatu, hannuwa na roƙa. Ashe ni ne zan zaɓar wa Ubangiji wanda zai aiko? Tashi ki dama kunu." Ya dubi Jatau. "Ku shiga gonar, na gode. Sai dai ka san gidan nan, kunu kawai gare mu."

"Mun sani," in ji Jatau. "A cika masa tsamiya, ko ma ji kamar mun sha wani abu."

Suka yi yanka har rana ta yi sanyi, suna waƙoƙin da ba a yin su a majami'a, suka kwaso accar tsaf zuwa gida. Da za su tafi, Habila ya ce, "Ku yarda in yi mana addu'a?"

Jatau ya ce, "Yi, amma gajeriya. Doguwar Dattijo Zakka ce ta kore ni."

Habila ya gode wa Allah, ya ambaci sunan kowannensu. Aka ce amin, sauran suka miƙe, Jatau bai miƙe ba. Da ya ɗaga kai, ya ce, "Tun da na bar bencin baya, ban ji wanda ya kai sunana gaban Allah ba sai yau."

Ko ya koma sujada daga baya, ban sani ba, kuma ba zan ƙara abin da ba a gaya mini ba.

Ga darasin, 'yan'uwana cikin Almasihu. Sau da yawa mukan yi roƙo alhali mun gama tsara wa Allah amsa: ta hannun wane, a rana kaza, da kama kaza. Idan ya amsa ta wata hanya, sai mu rufe ƙofa, mu ci gaba da kuka cewa bai ji mu ba. Bangaskiyar da ba ta karɓar kome sai abin da ta zata, da kanta ta dogara, ba da Ubangiji ba. Kai da ke neman aiki, ke da ke roƙo domin ɗanki, ku binciki zuciyarku yau: wa kuka kora a makon nan, domin kun tabbata Allah ba zai aiko shi ba?