Ɗigo Ɗaya A Ƙarshen Layi

Akwai wani mai haɗa shafukan intanet da kowa ke kira Nan-da-nan. Sunan ya bi shi ne saboda duk aikin da ka kawo masa, kafin ka rufe baki zai ce, "Wannan ai nan da nan ne." Kuma gaskiya yana da hannu. Matsalarsa ɗaya ce, ya san yana da hannun.

A shagon wani dattijo ya koyi aiki, shekara biyu cur. Shi dattijon ana ce masa Baba Ɗigo. Yana da wani tsohon littafi mai baƙin bango, kuma ba ya taɓa komai a kwamfuta sai ya fara kwafe shi da biro. In ka gama aiki ka ce ya duba, tambayarsa ɗaya ce: "Ka sa ɗigon?" Nan-da-nan ya sha kwaikwayonsa a gaban abokai, har da sauko da tabarau kan hanci.

Bari in ɗan yi muku bayani, kafin wasunku su ce yau admin ɗinku ya koma malamin makaranta. Kowane shafi yana da suna. A cikin asusun kamfanin da ke ajiye shafin akwai wani tebur da ake kira DNS, shi ne littafin adireshin sunan. Wani layi yana nuna wa mai neman shafi inda zai je. Wani layin kuma, mai suna MX, shi ke nuna wa saƙon imel ƙofar da zai shiga. In MX ya karkace, shafi zai buɗe lafiya lau, amma ko saƙo ɗaya ba zai shigo ba.

To, akwai wani ƙaramin asibitin yara da Baba Ɗigo ya shekara tara yana kula da shafinsa. Can yayar Nan-da-nan take kai 'yarta, yarinya 'yar shekara shida da aka haifa da rami a zuciya. Nan-da-nan yana kiranta Tsuntsuwa, don in ka ɗauke ta sai ka ji ƙirjinta na bugawa da sauri kamar ka riƙe tsuntsu a tafin hannu. Yana sonta kamar ransa.

Yaya ce ta haɗa shi da Likita, mai asibitin. Da ya kalli shafin sai ya taɓe baki.

"Likita, wannan ai na zamanin da ne. Tsohon nan tsoron kwamfuta yake yi. Ki ba ni, in mayar muku da shi sabon kamfani, nan da nan."

Likita ta ba shi aikin. Baba Ɗigo ya amince. Ya kawo kalmar sirri da kansa, ya haɗa da takarda ɗaya da ya kwafe layukan DNS a jiki.

"Ɗana, kada ka yi ƙaura ranar aiki," in ji shi. "Kuma ka rage TTL tun ana gobe."

"To, Baba," in ji Nan-da-nan. Ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar, can ya bar ta a teburin gidansa.

Ranar Laraba da safe ya yi ƙaurar, bai sanar da kowa ba. Ya rubuta layukan da ka, ya buɗe shafi ya ga ya fito tas, ya rufe kwamfuta yana fito. Minti arba'in ya ɗauka, har ya ɗauki hoton agogo ya tura wa abokai.

Ƙarfe biyu na rana Yaya ta kira shi. Muryarta ba daidai take ba.

"Kana ina? Ka zo asibiti yanzu. Likita ta ce tun safe ko saƙo ɗaya bai shigo ba."

"Haba Yaya, ƙila dai ba a aiko ba ne."

"Yau ce Larabar. Ka manta?"

Ya manta. Wata takwas ke nan Tsuntsuwa na kan layin tiyata a babban asibitin zuciya, kuma an ce yau za su aiko wa asibitin Likita ranar tiyatar ta imel. Saƙon yana zuwa da wurin dannawa a ce an amince. In ba a danna ba kafin ƙarfe biyar, na'urarsu za ta ba yaron da ke biye, ita kuma ta koma ƙarshen layi.

Ya isa asibitin yana haki. A ɗan ofishin karɓar baƙi ya same su, fanka na juyawa a sama, Likita a tsaye da waya a kunne. Yaya na zaune a benci, Tsuntsuwa ta kwantar da kai a cinyarta, leɓunanta sun ɗan yi duhu.

"Kawu," ta ce masa a hankali, ta ɗaga yatsu biyu.

Likita ta ajiye waya. "Na yi magana da sakatariyarsu. Sun aiko tun ƙarfe goma, saƙon ya maƙale a wajensu. Na'urar tana sake gwadawa lokaci-lokaci har biyar."

"Su turo ta wani adireshin mana," in ji Nan-da-nan.

"Ka ɗauka ban roƙa ba? Bayanin mara lafiya ne, ba sa turawa sai adireshin asibiti da ke rajista. Canza shi kwana uku ne. Ba sa karɓar amincewa ta waya." Ta dube shi. "Ka taɓa wani abu yau?"

"Shafi kawai na ɗauke. Imel ba ruwansa."

Ya zauna ya buɗe teburin DNS. Ya karanta layin MX harafi bayan harafi. Daidai. Ya sake karantawa. Daidai. Ya tura wa asibitin saƙo daga wayarsa, shiru. Agogon bango ya nuna uku saura kwata.

Yaya ta taso ta tsaya a kansa. "Me ka gani?"

A nan ne bakinsa ya riga hankalinsa. Mai girman kai in ya rasa mafita, wuyan wani yake nema.

"Aikina lafiya yake. Ina jin tsohon nan ne ya toshe wani abu ta ɓangarensa, don an karɓe masa aiki."

Likita ta ɗauki waya ta kira Baba Ɗigo, ta yi masa magana mai zafi, irin wadda ba ta taɓa yi masa ba a shekara tara. Nan-da-nan yana ji, ya kafe ido a kan allo. Daga can ɓangaren dattijon bai musa ba, bai rantse ba. Cewa kawai ya yi, "Ga ni nan zuwa."

Sai huɗu saura minti ashirin ya iso, ƙafafunsa duk ƙura, littafin nan a hammata. Yaya ko gaishe shi ba ta yi ba. Ya jawo kujera kusa da Nan-da-nan, ya sauko da tabarau kan hanci, ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa. Sannan ya kalli allo. Bai kai minti ɗaya ba.

Ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Dubi ƙarshen layin nan, ɗana."

Nan-da-nan ya duba. Ya dubi littafin. A littafin, bayan harafin ƙarshe na adireshin, akwai ɗigo, an ma danna biron sosai. A allo babu.

A irin wannan teburin, ɗigon nan shi ke cewa suna ya ƙare. In babu shi, na'ura sai ta ɗauka ba ka gama ba, ta liƙa sunan shafin a baya karo na biyu. Tun safe duk saƙon da ya nufo asibitin ana tura shi wani dogon adireshi mai suna biyu a jere, wanda babu shi a duniya.

Nan-da-nan ya sa ɗigon ya adana. "Shi ke nan, Baba? Ya gyaru?"

"Nawa ka bar TTL?"

Ya duba. 86400.

TTL shi ne tsawon lokacin da sauran na'urori ke riƙe amsar da aka ba su kafin su sake tambaya. Wannan lambar kwana ɗaya ce cur. Na'urar babban asibiti ta tambaya da ƙarfe goma na safe, an ba ta adireshin banza, kuma ba za ta sake tambaya ba sai gobe war haka. Abin da dattijon ya ce a rage ke nan tun ana gobe.

"Ke nan sai gobe," in ji Nan-da-nan. Ya waiwaya ya ga Tsuntsuwa tana wasa da zoben mamarta. Ƙarfe huɗu ta buga.

Baba Ɗigo ya shafa gemu. Can ya ce, "Ka tura masu kawo saƙo gidan da babu shi, kuma ba za su dawo tambaya ba. To, sai mu gina musu gidan."

"Ban gane ba."

"Buɗe sabon layi. Rubuta wannan dogon sunan na kuskure, yadda na'ura ta haɗa shi, kada ka gyara komai. Ka nuna shi zuwa inda akwatin imel yake. In sun sake zuwa, su tarar da ƙofa."

Duk iyawar Nan-da-nan, wannan dabarar ba ta taɓa zo masa ba. Ya fara bugawa da sauri, dattijon ya dafa hannunsa.

"A hankali. Karanta mini."

Ya karanta, harafi bayan harafi, har ɗigon ƙarshe. Suka adana da ƙarfe huɗu da minti takwas.

"Zai yi?" Likita ta tambaya.

"Ya danganta da lokacin da na'urarsu za ta sake leƙowa," in ji Baba Ɗigo. "Mun yi namu. Saura na Allah."

Daga nan sai jira. Likita ta zauna gaban akwatin imel tana danna sabuntawa. Huɗu da kwata, babu komai. Huɗu da rabi, wani tallan magani ya faɗo, Yaya ta miƙe zumbur, ta koma ta zauna. Alamar ƙofa ta buɗu ke nan, amma wanda ake jira bai zo ba. Likita ta sake kiran sakatariyar, aka ce na'ura ce ke gwadawa da kanta, ba mai iya matsa mata.

Biyar saura kwata Yaya ta kasa daurewa. Ta juya ga dattijon, idonta jajir.

"Baba, me yarinyar nan ta yi maka? In aikin ne, ai sai ka ce a mayar maka. Wata takwas muna jira."

Baba Ɗigo ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, 'yata. Matsala ce ta layi, kuma an gyara."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Yana da littafi a hannu, yana da hujja, kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Bai faɗa ba. Wannan shirun ya fi mari zafi a wajen Nan-da-nan. Ya miƙe tsaye.

"Yaya, ba shi ba ne. Ni ne. Na yi ƙaura yau bayan ya hana ni. Ya ba ni takarda ban karanta ba. Na manta ɗigo, da na rasa ta cewa na yi masa ƙarya." Hawaye ya zubo masa. "In ranar nan ta wuce Tsuntsuwa, ni na jawo."

Yaya ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ba ta zage shi ba. Ta juya kawai ta rungume 'yarta, shi kuwa ya gwammace da zaginsa ta yi.

Biyar saura minti tara kwamfutar ta yi ƙara. Likita ta matso da fuska, ta karanta, ta danna, ta jira shafin ya buɗe, ta sake dannawa. Sannan ta sauke numfashi.

"An karɓa. Ranar sha tara ga wata."

Yaya ta zube a ƙasa tana kuka tana godiya ga Allah. Likita ta je gaban dattijon ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Nan-da-nan ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, ɗana. Kana tsammanin daga ina na samo sunan nan? Ni ma na taɓa mantawa, kuma a nawa ba a samu minti taran ba." Ya rufe littafinsa ya sa a hammata. "Shi ya sa nake tambaya."

An yi wa Tsuntsuwa aiki ranar sha tara, kuma ta tashi. Nan-da-nan ya je gida ya ɗauko takardar nan mai zoben shayi a jiki, ya liƙa ta a bango saitin kwamfutarsa. Har yau tana nan, kuma ba ya adana layi sai ya ɗaga kai ya dube ta.

Darasi: Kada iyawarka ta sa ka raina gargaɗin wanda ya riga ka a sana'a, domin sau da yawa abin da kake yi wa dariya, shi da hawaye ya koye shi. Ƙaramin abu a wajenka yana iya zama ran wani. In kuma ka yi kuskure, ka ɗauki kayanka, kada ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa duk wani Nan-da-nan da kuka sani, ko Allah zai sa ya tsaya ya duba ƙarshen layinsa.