Ƙwaryar Tani a Ranar Rabon Gero

Akwai wani mutum mai suna Alkasum a wani ƙauye kusa da Takieta, tun zamanin mulkin Faransa. Shi ke rabon geron gonar gari, wadda kowa ke nomawa tare. Ranar rabo, kowane gida kan ajiye ƙwaryarsa a layi, har gidajen waɗanda suka tafi cin rani.

Wata shekara damina ta yi gardama. Idirisu, ɗa ɗaya tilo ga wata tsohuwa Tani, ya tafi Damagaram dakon buhunan gyaɗa a unguwar Zango, don a rage bakin ci a gida.

Da Alkasum ya zo kan ƙwaryar Tani, sai ya sa ƙafa ya kife ta.

"Ɗanki yana birni yana cin burodi. Wanda bai yi girbi ba, ba shi da rabo."

"Alkasum, da shi aka yi shuka da noman fari fa," in ji Tani.

"To, birni ya ciyar da ke, Iya."

Abin da ya fi ba ni haushi, duk dattawan gari suna wurin, kowa ya sunkuyar da kai. Tani ta ɗauki abarta ta tafi, ba ta ƙara roƙon kowa ba. Kafin ruwa ya sauka, ta rasu.

Idirisu ya dawo da turmin atamfa da ya sayo mata. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya gaban Alkasum ya ce, "Baba, tambaya ɗaya gare ni. Ranar da ta cika, ta ci wani abu?"

Tun daga ranar, da Alkasum ya kai loma baki sai ya ji tambayar nan a kunnensa, tuwo ya ƙi wucewa. Ya rame kamar kara.

Samari kuma suka shiga taitayinsu. Duk mai tafiya cin rani sai ya ɗauki iyayensa, kuma ba ya dawowa. Shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai, ana ta kiɗa a Damagaram, gonar gari kuwa ta zama daji. Alkasum na zaune cikin kangaye, yana tambayar duk mai wucewa ko ya ci abinci.

Darasi: Wanda neman abinci ya fitar daga gida bai daina zama ɗan gari ba. Kada ku cinye rabonsa don ba ya nan. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu rabon kayan jama'a.