Bakinsa Na Motsi, Babu Murya

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da kayan sauti a birnin Santiago ana ce masa Radames. In lasifikar coci ta shaƙe ana gobe Lahadi, shi ake nema. In talabijin ɗin shago ta ƙi magana ana shirin fara wasan besbol, shi ake kira. Hannunsa na da kyau, wannan ba ƙarya, sai dai kansa ya fi hannun girma. Bai iya jure a tambaye shi abu sau biyu ba.

Mahaifiyarsa, Doña Erminda, tana ƙauye a bayan garin Moca, tafiyar da mutum zai je ya dawo rana ba ta faɗi ba. Ita kaɗai take zaune a gidan katako tun rasuwar mijinta Don Nicanor, mai gitan nan da ba a yin biki a ƙauyen babu muryarsa.

Abin da ya rage na wannan murya bidiyo ɗaya ne tak, wanda Radames ya ɗauka da wayarsa ranar bikin iyaye mata, tsohon yana rera wa matarsa waƙa a gindin mangwaro. Bayan rasuwar sai ya zuba shi a tsohuwar kwamfutarsa, wadda lasifikarta ta daɗe da mutuwa, ya haɗa ta da talabijin ɗin falo da kebul ɗin HDMI mai ɗaukar hoto da sauti tare. Ya nuna mata inda za ta danna, ya koma birni.

Kullum da yamma Doña Erminda takan dafa gahawa, ta zauna a kujerarta mai lilo, ta kunna mijinta. Wannan ne hirarta.

Rannan aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba. Da aka dawo da ita, kwamfutar ta tashi, amma ta mayar da sautin kan matacciyar lasifikarta maimakon talabijin. Ga Don Nicanor a allo, yatsunsa na yawo a kan gita, bakinsa na motsi, babu murya.

Ta kira ɗanta. Ya ɗauka yana tsaye a kan tsani a wani gidan rawa.

"Sa mini albarka, Mama."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Babanka fa ya yi shiru."

"Mama, ai Baba tun bara ya yi shiru," in ji shi yana dariya.

Ita ba ta yi dariyar ba. Ta yi masa bayani, nan take ya gane matsalar, don ya sha gyara irinta a gidajen mutane.

"Dubi ƙasan allon kwamfutar, can kusurwar dama. Akwai ɗan hoton lasifika."

"Na ga wani abu kamar mazurari."

"Shi ne. Danna shi, ki zaɓi sunan talabijin."

"Tsaya, 'yar kibiyar ta gudu. Ga ta. Kai, ta sake gudu."

Idonta da yana, kibiyar kuwa ba ta san tsufa ba. Radames ya yi tsaki.

"Haba Mama! Aikin minti biyu ne fa. Ko akuya aka nuna wa sau ɗaya ta iya."

Ta ce a hankali, "To ka zo ka yi minti biyun."

"Lahadi ina tafe."

Ya kashe wayar, ko albarkar sallama bai tsaya nema ba.

Lahadi ta zo, wani mai otal a bakin teku ya kira shi. Ta gaba, ƙungiyarsu ta besbol ce ke wasa. Ta bayanta kuwa gajiya ce kawai. Gida bai ƙoshi ba, Radames na ta kai wa dawa. Da abin babba ne, da tuni ya hau mota. Ƙanƙantarsa ce ta sa kullum yake ganin gobe ma rana ce.

Maƙwabciyarta kuma aminiyarta, Tomasina, ta gwada nata ilimin. Ta zare kebul ɗin ta hura masa iska ta mayar. Ta ɗan mari talabijin ɗin a gefe. Ta ɗora hoton waliyyi a samanta. Don Nicanor dai bai ce uffan ba.

"Ƙawata, ki bari in kai ki wurin mai gyara a Moca mana."

"In kai wa bare, ina da ɗa mai gyara? Salon a ce Radames bai iya ba? Ya ce yana tafe."

Sau ɗaya ta ƙara yi masa maganar. Ta ce, "Ɗana, jiya na so in tuna yadda babanka ke kiran sunana, na kasa. Fuskar tana nan, muryar ce ke guduwa."

"Mama, kin fiye sa abu a rai. Na ce miki ina zuwa."

Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba. In ya kira, ta sa masa albarka, ta tambaye shi ko yana cin abinci. Shi kuwa gogan har daɗi ya ji, a zatonsa tsohuwa ta haƙura.

Wata safiya Tomasina ta leƙo da dafaffiyar ayaba, ta tarar da ita a kujerar lilo, rai ya yi halinsa. Wannan karon Radames bai jira Lahadi ba.

Aka yi jana'iza, aka shiga addu'o'in kwana tara. An rufe madubai da farin ƙyalle, an rufe talabijin, an kafa teburin kyandir da furanni a falo. Babu kiɗa, babu rediyo, ko fito ba a yi a gidan makoki. Radames na ta hidima, ya yi hayar kujeru, ya sayo buhun shinkafa, ya sa an yanka alade. Mutane na cewa, "Kai, Erminda ta haifi ɗa."

Ranar ta tara dangi suka cika gidan har tsakar gida. Da aka gama addu'ar ƙarshe aka fara kwashe furanni, sai Tomasina ta ja shi gefe ta danƙa masa rimot ɗin talabijin.

"Duba nan, babban injiniya."

Ya duba. Duk maɓallan lafiya lau, ban da na ƙara sauti. Shi kam ya goge, ya lotsa ciki, ko alamar rubutu babu.

"Ba ta fasa kunnawa ba ko rana ɗaya," in ji Tomasina. "Ta zauna tana kallon bakinsa, tana danna wannan, wai ko Allah zai sa. Da ta gaji sai ta riƙa yi masa waƙar da bakinta. Ina jiyo ta ta katanga. In na yi mata maganarka sai ta ce aiki ya yi maka yawa."

Radames ya shiga falo, ya yaye ƙyallen talabijin. Gwaggonsa Fredesvinda ta taso.

"Kai, ka haukace? Ko kyandir bai huce ba za ka kunna mana kiɗa?"

"Ƙyale shi," in ji Tomasina daga bakin ƙofa. "Alƙawari ya zo cikawa."

Ya kunna kwamfutar, ya buɗe bidiyon. Ya kai kibiyar kusurwar dama, ya danna ɗan mazurarin, ya zaɓi sunan talabijin. Ko minti ɗaya bai cika ba.

Ya manta cewa sautin na can ƙarshen maleji, inda yatsan mahaifiyarsa ya bar shi. Muryar Don Nicanor ta fashe a falon, ta girgiza katakon bango, ta fita tsakar gida. Masu cin abinci suka ajiye cokula. Tsofaffin da suka yi rawa da wannan murya suna samari suka cire huluna. Gwaggo Fredesvinda ta zauna daɓas ta rufe fuska da mayafi.

Ga Doña Erminda a allo, tana dariya tana rufe baki, mijinta na kiran sunanta a cikin waƙar, yana jan shi yadda ta kasa tunawa.

Waƙar ta ƙare. Sai ta juyo ta dubi mai ɗaukar hoton, ta dafa wata kujera da babu kowa a gefenta. Kowa a gidan ya ji ta ce:

"Radames, ajiye wayar nan ka zo ka zauna kusa da ni."

Daga bayan hoton wata murya ta amsa, muryarsa ce, da gajen haƙurin nan nasa:

"Ina zuwa, Mama. Minti biyu."

Bidiyon ya tsaya a nan, hannunta na kan kujerar.

Radames ya durƙusa a gaban talabijin ɗin, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaron goye. Ya ce, "Sa mini albarka, Mama." Ya sake faɗa. Sautin na nan a ƙarshen maleji, kebul lafiya, komai ya gyaru, amma babu wanda ya amsa masa.

Har yau yana sana'arsa a Santiago. An ce in tsohuwa ta kira shagon tana kame-kamen inda za ta danna, ba ya yi mata bayani ta waya, sai ya rufe shago ya tafi. Rimot ɗin yana aljihunsa, bai taɓa sake masa maɓalli ba.

Darasi: Abin da kake gani aikin minti biyu ne, wataƙila shi ne duk abin da ya rage wa mahaifinka ko mahaifiyarka a duniya. Kada ka yi wa bare haƙuri ka kawo wa iyayenka tsaki, kuma kada ka ajiye su sai Lahadi, don da-na-sani ƙeya ce. In naka suna raye, tashi yau ka je. Ka kuma tura wannan labari ga duk wanda ka san akwai mai jiransa a gida.