Kati Biyu, Ƙafa Ɗaya

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan, yau shari'a na kawo muku.

A Funtuwa an yi wani direban kamfanin auduga, Isyaku, da matarsa Hansatu, malamar firamare. Aurensu ya mutu, irin mutuwar da ko a gidan makoki ba a gaisawa. 'Yarsu ɗaya, Saudatu, aka ba Gwaggo Kande riƙo, wato yayar Isyaku, don kowannensu ya rantse ba za ta zauna hannun ɗayan ba.

Saudatu na da shekara tara ta faɗo daga kan mangwaro, ƙashin cinya ya karye. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma in aka wuce kwana uku, shi bai ɗauki alkawarin ƙafar ba.

Isyaku ne ya kai ta asibiti. Katin inshorar lafiya na wurin aikinsa shi ya sama mata gado nan take, aka kuma ɗebi jininsa leda guda don a ƙara mata. Amma katin nasa bai ɗauki kuɗin ƙarfe ba. Ma'aikaciyar inshora tana duba na'ura sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai yarinyar nan tana da wani katin, na mahaifiyarta."

Ashe shekara biyar ke nan Hansatu ta sa 'yar a inshorarta, ana cira daga albashinta, ba ta gaya wa kowa ba. Ita dai ta ce kunya ce. Saudatu 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa, to da wane ido za ta fito ta ce tana yi mata tanadi? Isyaku ya ce wannan ba kunya ba ce, shiri ne, takardu take tarawa ta kai gaban alƙali ta ce ita ke ɗawainiya.

Ma'aikaciyar ta ce in aka haɗa katunan biyu za su biya komai, amma sai uwa da uba sun sa hannu a takarda guda. Nan fa aka tsaya. Isyaku ya ce ba zai sa hannu a abin da za a ƙwace masa 'ya da shi ba. Hansatu ta ce so yake ya san lambar katinta ya sa a soke, a ce uwa ba ta taɓa tsinana komai ba. Kwana biyu suka tafi a haka, cinyar yarinya tana ta kumbura. Wallahi duk lokacin da na zo nan raina ɓaci yake yi.

Sai Gwaggo Kande ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin mayafi. Ta sami ƙanenta ta ce, "Isyaku, Hansatu ta ce in ka sa hannu ta bar maka 'yar har abada." Ya sa. Ta hau acaɓa zuwa makarantar Hansatu ta ce, "Ƙanwata, ya sauko. Ya ce ana sallamarta gidanki za ta." Hansatu ta kalle ta, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa. Babu wanda ya faɗi ko ɗaya daga maganganun nan. Washegari aka yi aiki, ƙafa ta tsira.

Kada ku yi saurin yi wa Kande tafi. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ta fi kowa sanin cewa ranar da ƙaryar ta fashe, iyayen za su sake kaurewa, yarinya ta ci gaba da zama ɗakinta. Ko ta yi wannan lissafin, ko ba ta yi ba, ni ban shiga zuciyarta ba.

Ranar sallama Isyaku ya zo da mota. Hansatu ta zo da Keke Napep, ta riga ta share ɗaki ta shimfiɗa sabuwar katifa. Kande ta rungume jakar kayan yarinyar ta ƙi saki. Saudatu na tsaye a ƙofar asibiti da sandunanta biyu, tana kallon wannan tana kallon wancan.

To, ku da kuka ji komai, hannun wa za ku damƙa ta, kuma a cikin su ukun wa kuka yarda don yarinyar kaɗai ya yi abin da ya yi?