Yadda Shaya Ta Samu Farin Kumatu

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

Kun san shaya, tsuntsuwar nan mai ƙyalli da ke cika mana kunne a kan ɓaure?

"Mun san ta!"

To, a da ba ta da ƙyallin nan. Shaya duk farare ne fat, kamar alawayyon da bai je marina ba.

Ran nan Gauraka, sarkin tsuntsaye, zai yi sunan ɗansa. Ya aika wa shaya cewa su fito da anko, rinin baba mai ƙyalli. Duk wadda ta zo cikin anko, ta samu reshe a babban ɓauren bakin rafi, ita da jikokinta. Wadda ta saɓa, ba ita ba ɓaure. Ɓauren nan kuwa shi ne gida, shi ne rumbu.

A cikin shaya akwai wata wai ita Tabawa. Kullum wuyanta a sama, kamar an ɗora mata tulu. Ta ce ita ba za ta bi layi da kowa ba. Ta riga kowa zuwa wurin Kunkuru, mai marina.

Ko sallama babu. Ta ce, "Tsoho, rina ni."

Kunkuru ya ce, "'Yar nan, yau na zuba baba da toka. Sai ya nuna."

"Baba mangwaro ne da zai nuna?"

"Je ki dai."

Ta yi tsaki, ta tafi. Ta samu lalle, ta ƙunsa a ƙafa, har da baki, don ta fi kowa. Ta koma, ƙafa da baki sun yi jawur.

"Tsoho, rina ni."

Kunkuru ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce, "Ana kwalliya kafin wanka a gidanku? Bai yi kumfa ba tukuna."

Ta yi tsaki, ta tafi.

Zuwa na uku, tun daga nesa wari ya tare ta. Ramin baba ya nuna, kumfa ta taso. 'Yan'uwanta sun yi layi. Kunkuru yana tsoma su, yana fitarwa, yana shanya su su sha iska, yana sake tsomawa. Wadda ta rinu sai a kai ta wurin bugu, a yi mata tim, tim, tim, har ƙyalli ya fito.

Yayarta Hajo ta ce, "Tabawa, zo ki tsaya bayana."

Tabawa ta toshe hanci. Ta ce, "Yaya, ni zan shiga wannan ɗoyi? Kuma a kwantar da ni a doke ni kamar jaka? Allah ya kiyaye!"

Can gefe ta hango wani rami. Ruwansa a kwance, ba wari, ba kumfa. Ta ce a ranta, "Ka ji munafuncin tsoho. Ya ɓoye mai tsabta don manya." Ashe sabon haɗi ne, ruwan toka zalla, baban cikinsa ko jiƙa bai gama yi ba.

Kunkuru na juya baya, ta yi tsalle, tsulum! Ta sa fukafukai biyu ta dafe kumatu, wai kada fuskarta ta lalace. Ruwa ya fi ƙarfinta. Ta jingina gindin wutsiya da bangon rami, ta kurɓi ruwa, ta fito da ƙyar.

Me kuke tsammani ta zama?

"Baƙa!"

Ina! Toka-toka, kamar tsumman goge murhu. Inda ta dafe da inda ta jingina suka zauna farare. Ga jan baki, ga jar ƙafa.

Kunkuru ya ce, "Sannu, amarya. Koma ƙarshen layi, in gyara ɓarnar."

Tabawa ta duba layi. Tsawonsa har bakin hanya, kuma kowa na danne dariya. Ta ce, "Wa ya ce ɓarna ce? Sabon yayi ne."

Hajo ta ce, "Ƙanwata, rufa wa kanki asiri. Zo ki karɓi wurina."

"Yayi ne, Yaya. Ku 'yan ƙauye ba ku san shi ba."

Kunkuru ya ce, "Na faɗa na ƙarshe. Baba na mutuwa, ba ya jiran kowa."

"Ya mutu mana! Yayi ne."

Aka gama rini. Baba ya salance. Kunkuru ya rufe raminsa.

Ranar suna shaya suka shigo a jere, suna walƙiya a rana. Ga Tabawa a gaba, wai ita ce mai jan layi.

Zabuwa ta fara ganin ta. Ta ce, "Wa ya gayyato mai kwasar toka?"

Hankaka ya ce, "A'a, gari ta sata, dubi kumatunta."

Gauraka ya sunkuyo da dogon wuyansa. Ya ce, "Ke kuma 'yar wane gida ce?"

"Ranka ya daɗe, shaya ce ni. Wannan sabon yayi ne."

"Me na ce a yi?"

"Anko."

"Da wa kika yi naki?"

Tabawa ta duba dama, ta duba hagu. Ba mai kama da ita ko ɗaya. Hajo ta sunkuyar da kai.

Gauraka ya ce, "To, ki nemi ɓauren 'yan yayi."

Aka raba rassa, kowace shaya ta samu nata. Tabawa ta tashi, dariya na bin ta. Ta sauka a tsamiya, aka yi mata dariya. Ta sauka a kuka, aka yi mata dariya. Ta miƙe gabas, ta yi ta tafiya, ta wuce teku, har ƙasar Sin, inda ba wanda ya taɓa ganin anko na shaya. Shi ya sa ba kwa ganin irinta a nan.

Can ma ba ta da reshen kanta. Sai ta laɓe a kogon itacen da wani tsuntsu ya fafe ya bari. Ta bi bayan manoma tana tsintar tsutsa, in sun kau da ido ta ɗan saci 'ya'yan itace. Da ta yi ƙwai, sai ga shi shuɗi-shuɗi. Ruwan da ta kurɓa ne. Iyakar rabonta da baba ke nan, kuma a cikin duhun kogo yake, ba mai gani.

'Ya'yanta suka fito irinta sak, masu farin kumatu. Har yau, in rana ta kusa faɗuwa, sai su taru dubbai a kan itace ɗaya, su yi ta ihu, kowa na gaya wa ɗan'uwansa, "Yayi ne! Yayi ne!" Ba wanda ya tambaye su.

Wanda ya yi kuskure aka ce zo a gyara, ya tsaya yana raɗa wa kuskuren suna, da shi zai tsufa, har ya bar wa jikoki gado.

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya faɗa ramin baba, mai so ya tsamo.